Tsakanin Mai Ruƙiyya da Mai Kemis: Wa Zai Ceci Mai Ciwon Fargaba?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya saukar da cuta Ya kuma saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Na daɗe ina kauce wa wannan magana, domin na san za ta ɓata wa wasu rai, cikinsu har da mutanen da nake ganin girmansu. Amma abin da ya faru a gidanmu ya hana ni yin shiru.

Duk ɗan ƙasar Yauri ba zai manta da shekarar 2021 ba. Ranar 26 ga Mayu wani jirgin ruwa maƙare da mutane ya kife a kogin Kwara kusa da Wara, cikin Ngaski, aka yi asarar rayuka masu yawan gaske. Ba mu gama karɓar gaisuwa ba, ranar 17 ga Yuni 'yan bindiga suka afka wa makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri suka kwashi ɗalibai da malamai, wasu daga cikin 'yan matan ba su dawo gida ba sai a 2023. An ƙirga waɗanda suka rasu, an ƙirga waɗanda aka sace. Waɗanda suka kwana lafiya a gida amma zukatansu suka kasa komawa mazauninsu, su kam babu wanda ya ƙirga su.

Ɗan yayata yana cikinsu. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da biyu, wanda ya tashi a bakin ruwa, ya iya iyo tun kafin ya sauke izu biyar. Yana cikin waɗanda suka taimaka wajen tsamo gawarwaki. Bayan wata guda sai ya daina shiga jirgi. Gabansa ya riƙa faɗuwa ba dalili, zuciya na bugawa kamar za ta fasa ƙirji, gumi na keto masa, numfashi na sarƙewa, yana jin kamar ajali ne ya zo. Barci ya ƙaurace masa. Ƙarar babur da dare ta isa ta hana shi runtsawa har asuba.

Aka kai shi wurin wani mai ruƙiyya. Sau uku ana yi masa karatu, babu aljanin da ya yi magana. A ƙarshe mutumin ya dube shi ya ce raunin imani ne, wai da ya dogara ga Allah da bai ji tsoro ba, kuma kada ya kuskura ya je asibiti. Yaro ya dawo da ciwo biyu: fargabar da ya tafi da ita, da zaton cewa Ubangijinsa na fushi da shi. Daga nan wani abokinsa ya raka shi wani kemis, aka ƙirgo masa ƙwayar Diazepam, wadda samari ke kira D5, babu takardar likita, babu tambaya. Daren nan ya yi barci. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

Ƙwaya ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu. Da azumin 2022 ya kama, sai ya yi niyyar tuba, ya watsar da ita rana ɗaya. Bai cika mako ba ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Mutanen unguwa suka ce: to, ga aljanun nan sun bayyana! Likitan da ya karɓe shi ne ya fara tambayar da ya kamata a yi tun farko: me yake sha, kuma yaushe ya daina?

Zuwa ga masu cewa raunin imani ne

Ina tambayarku, don Allah, a ina kuka samo wannan hukunci? Annabi Yaƙubu (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har ganinsa ya tafi, wa zai ce imaninsa ya yi rauni? Shekarar da Nana Khadija (RA) da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi sun kira ta shekarar baƙin ciki. Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da neman magani, ya kuma umarci mai raƙumi da ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali. Fiye da shekara dubu da suka wuce, malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 miladiyya, ya rubuta littafin Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya yi bayanin tsoro da firgici da waswasi a matsayin cututtukan da ake yi wa magani kamar na jiki. Nan gida ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan ilimin likitanci. Ashe ƙyamar likita ba gadonmu ba ce.

Ni ba na jayayya da ruƙiyya, sunna ce, kuma ina yi wa kaina da iyalina. Jayayyata tana kan mutumin da bai san yadda jikin ɗan Adam yake aiki ba, amma ya hana mara lafiya zuwa wurin wanda ya sani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba a duniya, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. Kafiri na kamuwa, mai tsayuwar dare ma na kamuwa, kamar dai yadda zazzaɓin cizon sauro ba ya duba goshin mutum kafin ya kama shi.

Zuwa ga masu ƙirgo ƙwaya

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Diazepam, wanda kamfanin Roche ya fitar da sunan Valium a 1963, magani ne na gaskiya mai amfani a hannun likita. Yana ƙarfafa wani sinadari a ƙwaƙwalwa da ake kira GABA, wanda aikinsa lafar da jijiyoyi, shi ya sa yake kwantar da hankali cikin ƙasa da awa guda. Wannan saurin shi ne tarkonsa. Jiki na sabawa da shi cikin 'yan makonni, don haka likitoci ba sa so a wuce mako biyu zuwa huɗu ana sha. Yana kawo kasala da mantuwa da jiri, abin tsoro ga ɗan kabu-kabu da mai tuƙa jirgin ruwa. Idan aka haɗa shi da kodin ko tiramol ko giya, yana iya danne numfashi mutum ya wuce cikin barci. Wanda kuwa ya daɗe yana sha, in ya yanke shi rana ɗaya, zai iya fuskantar karkarwa da ruɗewa da jijjiga irin wadda ta kayar da ɗan yayata.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. A shekarar ce kuma gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Muna zagin waɗannan yara da sunan 'yan ƙwaya, amma mun taɓa tambaya nawa ne cikinsu suka fara don neman barci kawai? Kai kuma mai kemis, ka ji tsoron Allah. Kuɗin da ka karɓa a kan wannan ƙwaya ba tare da takardar likita ba, akwai ranar da za a tambaye ka.

To, mene ne maganin?

Likita na fara bincike ne, domin ciwon maƙoƙo da ƙarancin jini da yawan goro ko kofi duk suna iya kawo bugun zuciya mai kama da fargaba. In ya tabbatar, abin da aka fi farawa da shi shi ne rukunin magungunan da ake kira SSRI, irin su Fluoxetine, wanda aka amince da shi a Amurka a 1987, da Sertraline da Escitalopram. Ba sa bugarwa, ba sa gusar da hankali, don haka kada wani ya ruɗe ka da cewa su ma kayan maye ne. Sai dai suna buƙatar haƙuri: mako huɗu zuwa shida kafin a ji cikakken amfaninsu. A makon farko ana iya samun tashin zuciya, ciwon kai, rashin barci, har fargabar ma ta ɗan ƙaru, kuma galibi wannan na wucewa. Wasu na samun raunin sha'awa, magidanci ya gaya wa likita kada kunya ta hana shi. Ku matasa ku saurara da kyau: ga wanda bai kai shekara 25 ba, a farkon shan maganin wani lokaci tunanin halaka kai na iya bijirowa. Wanda ya ji haka ya koma asibiti a ranar, 'yan gida kuma su sa ido. Bayan an samu sauƙi akan ci gaba da sha wata shida zuwa shekara, sannan a rage a hankali.

Akwai Amitriptyline, tsohon magani mai araha, yana busar da baki, yana sa barci da cushewar ciki, kuma shan sa fiye da ƙima na iya tsayar da zuciya, sai a ɓoye shi daga yara. Akwai Propranolol, mai rage bugun zuciya da karkarwar hannu, amma haɗari ne ga mai ciwon asma. Mai ciki da mai shayarwa su sanar da likita halin da suke ciki. Mai azumi ya nemi a tsara masa sha da sahur ko buɗa-baki. Akwai kuma magani na zama da ƙwararre, wanda ke koya wa mutum yadda zai gane tunanin da ke tayar masa da hankali, ya kuma tunkari abin da yake tsoro kaɗan-kaɗan. Ga mutane da yawa amfaninsa ya kai na ƙwaya.

Na san za a ce likitan ƙwaƙwalwa ya yi mana nisa. Gaskiya ne, daga Yelwa zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato tafiya ce mai cin yini da kuɗi. An sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma haƙƙinmu ne mu matsa wa wakilanmu har amfaninta ya iso Shanga da Ngaski. Kafin nan, likitan babban asibiti mafi kusa da kai zai iya duba ka, ya fara maka magani ko ya tura ka gaba.

Ɗan yayata ya yi watanni ana rage masa Diazepam kaɗan-kaɗan, yana shan maganin da aka rubuta masa, yana kuma riƙe da azkar ɗinsa na safe da yamma. Ranar da ya sake taka jirgi hannunsa na rawa, amma ya shiga, ya kuma haye.

Ya ɗan'uwa, in kana cikin wannan hali, Allah bai yi fushi da kai ba, jarrabawa ce. Ka yi addu'a, ka je asibiti. In kana shan ƙwayar kemis, kada ka yanke ta da kanka, ka kai wa likita kwalinta ka gaya masa gaskiya. Limamanmu kuma, don Allah ku ba wannan magana ko da huɗuba ɗaya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya zaunar da ƙasar Yauri lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.