Wa Zai Hau Dandalin Muny?

Duk bazara, gidan wasan Muny da ke birnin St. Louis a Amurka kan shirya wasannin kwaikwayo masu waƙa da rawa har bakwai, a fili mai kujeru kusan 11,000. Atisayen kowane wasa ba ya cika mako biyu. Shi ya sa masu zaɓen 'yan wasa kan garzaya New York neman gogaggun 'yan ƙungiyar Actors' Equity, masu haddace baiti da taku cikin 'yan kwanaki, su kuma jure zafin Yuli.

Hujjar tana da ƙarfi. Amma 'yan garin da ake tantancewa a gida sun cancanci fitowa a jarumai, ba cikon taron rawa kaɗai ba, domin tun 1919 mutanen St. Louis ke riƙe da wannan dandali.