Zauren Iyali: Kafin a Sayo wa Yara Kwamfutar Hannu



Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 ya rufe makarantu, yara suka daɗe zaune a gida. Magidancin Mai Wurno, ko na sauran ƙauyukan Hausawa na jihar Sinnar, da ke son sayen kwamfutar hannu mai rahusa don yara su cike giɓin karatunsu, ya duba abubuwa uku kafin farashi.

Na farko batir, domin wutar lantarki ba ta da tabbas: kada ya gaza 5,000 mAh. Na biyu ma'aji: aƙalla gigabayit 32, da gurbin katin memori. A Fabrairun 2024 layukan Zain, Sudani da MTN sun ɗauke kusan ko'ina a ƙasar, kuma a irin wannan hali littafin da aka riga aka sauke ne kaɗai ke buɗuwa. Na uku, a kunna ta gaban mai shago a tantance girman ma'ajin, domin kwalin jabu yakan yi ƙarya. Arha ba ta ado.

Allah Ya dawo da zaman lafiya, Ya sanya wa karatun zuriyarmu albarka.