Sun cinye irin gwauruwa, sun bar mata laifi

Wata Litinin, bayan an tashi daga lakwal, wani ɗalibina ya tsaya a bakin ƙofar aji har sauran yara suka watse. Da muka rage mu biyu sai ya ce: "Mushe, gaskiya ne Allah ba ya jin addu'ar wanda bai ba da kuɗi ba?" Yaron bai wuce shekara 12 ba. Na san gidansu, na san ƙanensa da aka rufe makonni uku kafin ranar, na kuma san inda ya samo wannan tambaya. Tun daga ranar na kasa yin shiru.

Mahaifiyarsa gwauruwa ce, ƴar zumuntar mata a majami'armu. Ƙaramin ɗanta yana da sikila, ciwon da tsofaffi ke kira amosanin jini. Wani baƙon mai wa'azi ya zo ya yi kwana uku yana taro a nan yankinmu na Gecheme, da janareta da lasifika. Ya ce ciwon yaron la'ana ce ta gidan kakanninsa masu bori, kuma ba abin da zai karya ta sai an "shuka iri". Ta sayar da akuyarta, ta haɗa da waken da ta ɓoye domin shuka, ta kai masa jika ashirin. Ya ce ta bar kai yaron wurin likita, domin wanda ya riƙe magani a hannu ɗaya da addu'a a ɗaya hannun mai zuciya biyu ne. Da jikin yaron ya tsananta ta kira shi a waya. Ya ce bangaskiyarta ce ta yi kaɗan. Yaron ya rasu. Tun daga lokacin ba ta sake taka majami'a ba, kuma abin da ta faɗa wa matan da suka je gaisuwa shi ne: "Ni na kashe shi."

Wannan koyarwa sata biyu take yi. Ta farko ta aljihu ce, kuma akuya ana iya mayar da ita. Ta biyu ita ce ta fi muni, domin tana sa mai wahala ya ɗauka Allah ya juya masa baya. Ku duba yadda aka tsara tarkon. In an warke, mai wa'azi ya yi aiki. In ba a warke ba, kai ne ba ka gaskata ba, ko irin da ka shuka ya yi kaɗan, ko akwai zunubin da ka ɓoye. Ba ƙofar da laifi zai fita ya koma kansa. Ɗan kasuwar da ya sayar maka da tulu mai yoyo kana iya mayar masa da kayansa. Wannan kuwa shi zai ce hannunka ne ya huda tulun.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kalmar da suka zaɓa. A Arewa ba a wasa da iri. Ko a shekarar 2005, da yunwa ta matsa wa ƙasar nan, manomi yakan kwana da yunwa yana kallon irinsa, domin ya san in ya ci shi ya ci baɗi. Wannan kalma mai daraja ce aka ɗauka ana zare wa talaka abin da ya rage masa.

Koyarwar ba a nan aka haife ta ba. Mai wa'azin Amurka Oral Roberts, na birnin Tulsa, shi ya yi fice wajen yaɗa zancen shuka kuɗi domin a girbi albarka, Kenneth Hagin kuma ya yaɗa cewa abin da ka furta da bangaskiya shi za ka samu. Daga can ta shiga kudancin Najeriya, inda Benson Idahosa na birnin Benin, wanda ya rasu a 1998, ya kasance cikin manyan masu ɗaukaka ta. A da sai mutum ya tsallaka iyaka yake jin ta. Yau tana shigowa ta WhatsApp da Facebook, cikin Hausa mai daɗi, har ɗakin da fasto bai taɓa shiga ba. Shugabannin ikilisiyoyin bishara na duniya da suka taru a Cape Town a 2010 sun fito fili sun ce wannan koyarwa karkatar da bishara ce. Wanda kuma yake ganin abin bai kai a ɗaga murya ba, ya tuna dajin Shakahola na Kenya, inda a 2023 aka tono gawawwaki fiye da 400 na mabiyan Paul Mackenzie, waɗanda aka ce musu su ƙi cin abinci har su sadu da Yesu. Su ma ba da mutuwa aka fara musu ba. An fara ne da cewa kada su tambayi "bawan Allah".

Mu tuna yadda bishara ta shigo mana. Mishan ɗin SIM ya sauka Damagaram a 1924, daga baya ya iso Dogon Dutsi da nan Gecheme. Mutanen da suka kawo Littafi Mai Tsarki su ne suka buɗe asibitin Galmi a 1950, suka kafa wurin kula da kutare a Danja kusa da Maraɗi. Suna addu'a suna ɗaure gyambo, ba su ga saɓani a tsakani ba. Iyayenmu da suka karɓi baftisma a wancan zamani, da yawansu sun rasa gado, wasu an raba su da matansu. Da arziki suka bi, da sun juya tun a makon farko. Abin da suka samu shi ne kuɓuta daga tsoro: ba sauran yanka baƙin bunsuru domin a lallashi iska. Yanzu ga wani ya zo da kwat da Littafi a hamata yana mayar da jikokinsu cikin wannan tsoro, farashin kawai ya ƙaru.

Littafin da yake ɗagawa sama kuwa shi ne babban mai ƙaryata shi. Ayuba adali ne, ya rasa ƴaƴa da dukiya da lafiya, kuma abokansa da suka nace cewa zunubinsa ne ya jawo, su Allah ya tsawata wa. A Yahaya sura 9 almajirai sun tambaya ko laifin wa ya sa aka haifi wani makaho, Yesu ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba ne. Manzo Bulus ya roƙa sau uku a ɗauke masa abin da ke damunsa, ba a ɗauke ba, kuma ba wanda ya isa ya ce Bulus ƙarancin bangaskiya gare shi. Luka da ya rubuta bishara likita ne. Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya fatattake shi. Elisha ya ƙi karɓar ko anini daga Na'aman, Gehazi da ya bi baya ya karɓa kuturta ya kwaso.

Na san abin da za a ce. Wasu za su ce ban gaskata da warkarwa ba. Na gaskata, kuma ina roƙonta. Abin da na ƙi shi ne a sa mata farashi. Wasu za su ce mu ƴan tsiraru ne, ba mu manta da majami'un da aka ƙone a Damagaram da Yamai a Janairun 2015 ba, bai kamata mu shanya kayan cikinmu a kasuwa ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Maƙwabtanmu Musulmi sun san masu damfara da sunan addini a nasu ɓangaren, malamansu kuma suna yi musu raddi a fili. Shirunmu ba ya kare ikilisiya, mai lasifika yake karewa.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shekara huɗu matar nan tana jinya. Mu dattawa sau nawa muka zauna a tabarmarta? Wa ya taɓa yi mata bayanin cewa sikila gado ne na jini daga uwa da uba, cewa in dukansu suna ɗauke da shi kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na fitowa da ciwon, cewa akwai cibiyar masu sikila a Yamai? Ba mu yi ba, har da ni. Baƙo ya zo ya kira sunan ɗanta, ya ɗora masa hannu, ya ba ta dalili, ko da na ƙarya ne. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama.

Don haka iyaye, ku saurari abin da ke cikin wayoyin gidanku, ku zauna ku ji wa'azin tare da ƴaƴanku. In an kawo aya, ku buɗe surar ku karanta daga farko har ƙarshe, yadda mutanen Biriya suka riƙa bincika maganar Bulus kansa. Malaman lakwal da na makarantar Lahadi, ku koya wa yara tambayoyi uku: me wannan mutum yake so in ba shi, wa yake ɗora wa laifi in abin bai yiwu ba, kuma wa ya isa ya tsawata masa? Duk wanda ya ce a ajiye magani, a tashi a bar masa wurin. Dattawa, kada a ba baƙo bagadi sai an san ikilisiyar da ta aiko shi. A kuma ware wani abu daga baikon kaka domin kuɗin mota da na magani, kafin mai jinya ta kai ga sayar da irinta.

Ɗalibina na ba shi amsa a ranar, na ce masa ƙarya ne, muka karanta labarin makahon nan tare. Ya ce in je in faɗa wa innarsa. Na je sau biyu, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ba ta ce komai ba. Zumuntar mata sun haɗa mata tiya huɗu ta wake kafin ruwan shuka. Asabar mai zuwa zan koma.