Idan 'Yarki Za Ta Tafi Karatun Addini Ƙasar Waje

 A wannan wata za mu tattauna ne a kan yarinyar da ta sauke Alƙur'ani, ta gama sakandare, sai Allah Ya buɗa mata hanyar tafiya ƙasar waje neman ilimin addini. Uwa a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun takan rasa tudun dafawa: ga murna, ga fargaba. Ba a ga laifinta ba, domin wadda ta ga abin da ya faru da 'yan matan makarantar Jangebe a watan Fabrairu na 2021, dole gabanta ya faɗi idan aka ce 'yarta za ta kwana nesa da ita.

Sai dai fitar 'ya mace neman ilimi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A zamanin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, 'yan mata da dattawan mata sukan taso daga ƙauyuka ƙarƙashin jagorancin jaji, su je su ɗauki karatu, su komo su karantar da matan garinsu. Su ne 'Yan Taru. Wasu al'ummu ma haka suke yi. Yahudawa masu riƙo da addininsu a Amurka da Ingila sukan tura 'yarsu Birnin Ƙudus da zarar ta gama sakandare, ta yi shekara guda tana karatun Attaura. Abin lura a duka biyun shi ne, ba a sakin yarinya haka nan. Akwai hannun da ke karɓarta.

To, me ya kamata ki yi tun kafin a ɗaure kaya?

Da farko, ki san makarantar. Jami'ar Azhar ta birnin Alƙahira ta buɗe wa mata ƙofa bayan gyaran dokarta na 1961, kuma tana da sashen mata daban. Amma wadda ba ta da shaidar da suka amince da ita sai an yi mata jarrabawa, wata ma sai ta fara zama ajin koyon Larabci. Ku sanar da yarinya wannan tun a gida, kada ta je ta karaya. Ku kuma nemi ganin takardar shiga makarantar da idonku, kada ku tsaya ga bakin dillali.

Na biyu, masauki. A ina za ta kwana? Da wa? Wace babbar mace ce za ta riƙa sa mata ido? Batun muharrami kuwa, maigida ya tuntuɓi malamai, kuma in da hali shi ko yayanta ya raka ta ya ga wurin.

Na uku, takardu. Yaƙin Sudan da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya ritsa da ɗaliban Nijeriya masu yawa a Khartoum, ciki har da 'yan mata, wasu suka yi kwanaki a kan iyakar Masar kafin a kwaso su. Don haka fasfonta ya zauna a hannunta, ku ajiye kwafinsa a gida, ta san inda ofishin jakadancin Nijeriya yake, kuma a ware kuɗin ko-ta-kwana.

Na huɗu, zuciyarta. Watannin farko sun fi wuya. Larabcin kasuwa daban yake da na littafi, sanyin Alƙahira a Janairu ya fi na hunturunmu, ga kewar tuwo da miyar kuka. Ki haɗa mata kuka da daddawa da yaji. Idan ta bugo waya tana kuka, kada ki taya ta, kada kuma ki yi mata tsawa. Ki saurare ta, ki tambaye ta abin da ta karanta a ranar.

Daga ƙarshe, ki dasa mata niyyar dawowa. Islamiyyun matan aure a garuruwanmu suna buƙatar malamai mata da za a yi wa tambayar haila da biƙi da gado ba tare da kunya ba.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.