Zuwa ga masu renon kariya a ƙasashen sanyi



'Yan uwa masu renon kariya a tukunya a Ingila, Jamus, Kanada da arewacin Amurka, ina yi muku barka da ƙoƙari. Na rubuto ne tun sanyi bai kankama ba, domin a watan Yuli kowa gwani ne, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Wannan tsiro da masana ke kira Adenium obesum, kuma kuke saye da tsada a shagunan furanni, ɗan gida ne. Yana fitowa da kansa tun daga Senegal har Sudan, ya gangara gabashin Afirka, ya tsallaka kudancin ƙasar Larabawa, inda Peter Forsskål ya gan shi a Yaman, aka buga bayaninsa a 1775. Wanda ya tashi a Kano ko Damagaram ya san kariya: ƙaton gindi, rassa tsirara, ga jan fure a tsakiyar rani, babu mai ba ta ko moɗa ɗaya.

To me ya sa take mutuwa a hannunku? A ƙasarmu ruwa da zafi tare suke zuwa, sanyi da fari su ma tare suke zuwa. Damina ta ɗauke a Oktoba, hunturu ya shigo, dare ya yi sanyi, amma ƙasa ta bushe ƙamas. Kariya ba ta taɓa sanin sanyi da laima a lokaci guda ba, kuma abin da kuke haɗa mata ke nan idan kuka ga ganye na zuba a Nuwamba, tausayi ya kama ku, kuka ɗauko buta. Zubar ganyen nan barci ne. Gindinta randa ce, ta cika ta tun da zafi. Saiwar da ke barci ba ta shan ruwa, sai ruwan ya kwanta a tukunya, ruɓa ta fara daga ƙasa, kafin ido ya gani ta riga ta cinye rabin gindin.

Saboda haka da zarar zafin dare ya fara kusantar digiri 10 a ma'aunin Salsiyos, a shigar da ita ɗaki, a daina taki, a janye ruwa. Idan ɗakin mai sanyi ne, tsakanin 10 da 15, babbar kariya za ta yi wata biyu ko uku ba ɗigo, ba abin da zai same ta. Idan kuwa ɗakin na da ɗumi kuma ta riƙe ganyenta, ɗan ruwa a gefen tukunya sau ɗaya a wata ya wadatar, da safe, kuma kada a bar sauransa a faranti. Ƙanana 'yan ƙasa da shekara su ne ba sa jure dogon ƙishi. Su a ba su ɗumi da hasken fitila, a bar su su ci gaba da girma.

Taga ma tana da nata sharrin. A Landan, hasken ranar Disamba bai cika awa 8 ba, alhali a Kano ya haura 11, don haka dole a nemi tagar da ke kallon kudu. Sai dai idan aka ja labule da dare aka bar tukunya tsakaninsa da gilashi, an kulle ta ne a wuri mafi sanyi a ɗakin. Ku ajiye ƙaramin ma'aunin zafi a gindinta, ku duba da asuba, za ku sha mamaki. Ɗora ta kan hita kuma yana gayyato jajayen ƙwarin nan masu saƙa kamar gizo-gizo. Fararen masu kama da auduga kuwa, a goge su da sifirit.

Yawancin ɓarnar tun ranar saye take farawa. Baƙar ƙasar da ake sayar da ita a ciki tana riƙe ruwa kwana da kwanaki. Da bazara a sauya mata: kashi biyu tsakuwa ko dutsen pumice, kashi ɗaya ƙasar shuka, a tukunyar yumɓu mai huda wadda ba ta fi gindin girma sosai ba. Ni ban ga amfanin tukwanen ado marasa huda ba, komai kyansu.

Ku riƙa taɓa gindin duk mako. Idan ya ɗan yamutse ko'ina daidai amma da tauri, ƙishi ne, ba abin tashin hankali ba. Idan wuri ɗaya ne ya yi laushi, ya yi baƙi ko yana wari, to ba jira. A tuge ta, a goge wuƙa da sifirit, a yi ta yankewa har sai an kai farin nama mai tsabta, a barbaɗa farar wuta, a ajiye ta ba ƙasa a wuri mai ɗumi da iska mako ɗaya ko biyu, sannan a mayar cikin busasshiyar tsakuwa. A sa safar hannu, domin ruwan jikinta dafi ne mai taɓa zuciya, har kibiya ake shafa wa a sassan Afirka. A nesanta ta da yara da kyanwa.

Masu furanni ninki-ninki da ake kawowa daga Tailan galibi masu aure ne, wato an haɗa reshensu da gindin wata kariya. Idan sanyi ya kashe reshen sama, abin da zai tsiro daga ƙasan mahaɗin furen uwar gindi zai ba ku, ba wanda kuka biya kuɗinsa ba.

Watan Maris yakan yaudari mutane. Rana ta leƙo kwana biyu, sai a kwarara ruwa. Ku jira sai kun ga sabon toho a kan rassa, ku fara da kaɗan. Kada a fitar da ita waje sai dare ya daina sauka ƙasa da 12, wanda a Ingila yakan kai Yuni, kuma a fara da inuwa, domin bayan watanni a ɗaki rana tana ƙone mata fata.

Allah ya ba da sa'a. Wassalam.