Lambar yabo ba ta cika ciki: darasi daga tsofaffin finafinan Amurka

Masu iya magana sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare a 1918, Amurka ta tarbi sojojinta da ganguna da fareti, amma finafinanta ne suka fallasa halin da suka shiga bayan an watse.

A 1925 King Vidor ya fitar da The Big Parade, labarin ɗan masu hali da ya tafi Faransa da ɗoki, ya dawo da ƙafa ɗaya. A 1932 kamfanin Warner Bros. ya fitar da I Am a Fugitive from a Chain Gang, inda Paul Muni ya fito a matsayin tsohon sojan da yunwa ta sa ya kai lambar yabonsa jingina, mai shago ya nuna masa tarin irinta da wasu suka riga shi kawowa. Sai Heroes for Sale na William Wellman a 1933, wanda jaruminsa ya kamu da jarabar maganin kashe zafin da aka ba shi saboda raunin yaƙi.

Wasu za su ce ai kasuwanci ne, ’yan fim sun ga hawaye na kawo kuɗi. Ko da haka ne, ba ƙarya suka sayar ba. A 1932, cikin tsananin karyewar tattalin arziki, dubban ’yan mazan jiya suka yi sansani a Washington suna neman a biya su ladan da aka yi musu alkawari tun 1924. Ranar 28 ga Yuli Shugaba Hoover ya sa Janar MacArthur ya tarwatsa su da barkonon tsohuwa, aka ƙone bukkokinsu. Sai a 1936 aka biya su.

A ganina, darajar waɗannan finafinai ita ce sun hana al’umma mantuwa. Ba su kaɗai suka sauya tunanin gwamnati ba, amma lokacin da aka kafa dokar G.I. Bill a 1944, wadda ta ba tsofaffin sojoji tallafin karatu da rancen gida, babu ɗan siyasar da ke son a maimaita abin kunyar 1932.

Mu da muka ga tsofaffin sojojinmu na kwana a titunan Abuja suna jiran fansho a shekarun 2000, bai kamata wannan tarihi ya zame mana baƙo ba. Ƙasar da ta iya tura ɗanta fagen fama, wajibi ne ta san yadda za ta riƙe shi idan ya dawo.