Juji Da Baitulmali: Abin Jama'a Yana Da Mai Shi



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya tsarki sharaɗin salla, Ya sanya amana ma'aunin imani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, jama'ar masallatan Madarunfa da kewaye, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakunanmu, har muka daina jin muninta. Duk inda aka nuna tarin shara a bakin hanya, ko a bayan makaranta, ko a gefen kasuwa, sai ka ji an ce: “Aikin gwamnati ne, ta kawo kuɗi a kwashe.” Ranar da kuɗin suka zo kuwa, sai ka ji wata maganar: “Kuɗin gwamnati ne, kowa ya samu rabonsa ne.” Waɗannan maganganu biyu uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Dukansu sun tsiro ne daga zaton cewa abin da jama'a suka yi tarayya a kai ba shi da mai shi. Da wannan zato wani yake juye kwandon shararsa a kan hanya, da shi kuma wani yake juye kuɗin kwashe ta a aljihunsa. Wannan zato ɓata ne, kuma shari'a ba ta san shi ba.

Mu fara da hanya. Malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani, ya kuma ba da labarin mutumin da aka gafarta masa saboda reshen ƙaya da ya janye daga inda mutane suke bi. Ya yi gargaɗi mai tsanani a kan biyan buƙata a tsakiyar hanya, da inuwar da ake hutawa, da mashayar ruwa, domin abubuwa ne masu jawo wa mai yin su tsinuwar mutane. Ya hana yin fitsari a cikin ruwan da ba ya gudana. To idan janye ƙaya ɗaya yana jawo gafara, me muke zaton kwandon ƙazanta zai jawo wa wanda ya aika yaro da shi da asuba, ya ce masa ya zubar a inda ba a ganinsa?

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya san cewa ruwan da najasa ta sauya masa launi ko ɗanɗano ko ƙanshi ba ya halatta a yi alwala ko wanka da shi. Ya san kuma juji yana cikin wuraren da aka hana yin salla a cikinsu. Abin mamaki, mun kiyaye hukuncin a cikin buta, mun manta da shi a bakin tafki. Mutum zai yi ta-ka-tsantsan kada ɗigon najasa ya taɓa bakin wandonsa, amma sharar gidansa tana kan hanyar da ruwan sama zai bi ya kai ta gulbi.

Allah Ya yi wa garin nan baiwar da garuruwa da yawa suke nema ba su samu ba. Ga tafki, ga Gulbin Maraɗi da Gulbin Gabi, ga fadama. Masunta suna ci daga nan, masu lambu suna ci, makiyaya suna shayarwa. Tun 2006 aka sanya tafkin da dajin da kaburburan waliyyai 99 cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO, a 2019 kuma aka shigar da tafkin cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi. Amma ruwa ba ya karanta takardar yarjejeniya. Gangara kawai ya sani. Abin da aka zubar a tudu da rani, damina za ta sauko da shi.

Kuma mun ga sakamako da idanunmu. A watan Yulin 2018 aka ga masu cutar amai da zawo na farko a likitar Nyelwa, a cikin gundumarmu. Kafin annobar ta lafa ta kama mutum sama da 3,000 a ƙasar nan, mafi yawansu daga gundumar Madarunfa, mutum fiye da 60 suka rasu. A 2021 ta sake dawowa, jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ƙwayar wannan cuta tana fita ne a cikin bayan gidan wanda ya kamu, ta shiga ruwa ko abinci, ta kama wani. Juji kuwa nan ne yara suke tsugunawa, nan ake juye fo, nan ƙuda yake tashi ya sauka a kan tuwo. Ajali na Allah ne, babu mai musun wannan. Amma wanda ya haƙa rami a hanya ba zai tsira da cewa ajalin wanda ya faɗa ne ya yi.

Wani zai ce: “Iyayenmu ma suna da juji, me ya same su?” Jujin iyayenmu toka ce da kashin dabbobi da ƙaiƙayi. Taki ne, ana ɗaukarsa a mangala a kai gona kafin shuka, har rige-rige ake yi a kansa. Jujin yau leda ce da batir da fasassun kwalabe da alluran da aka yi amfani da su. Leda ba ta ruɓewa cikin shekara ɗaya ko goma. Akuya ta haɗiye ta, ta toshe mata ciki, ta rame har ta mutu. Ta shiga magudanar ruwa ta toshe, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa, zazzaɓi ya bi gida-gida. A cinna mata wuta, hayaƙin ya shiga ƙirjin tsoho da jariri. Wanda ya ga abin da ruwan ƙarshen watan Agustan 2024 ya yi wa birnin Maraɗi, da rayuka da gidajen da aka rasa a yini ɗaya, ya san darajar magudanar da ba ta toshe ba.

Yanzu mu zo ga kuɗi. Babu mai cewa hukuma ba ta da nauyi. Tana da shi, kuma mai girma ne. Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta ɗora tsabtar gari a wuyan ma'aikatar magajin gari. Tun 2008 aka kafa hukumar ANFICT domin ta riƙa isar da tallafin gwamnati ga ƙananan hukumomi. A watan Nuwamban 2014 aka yi dokar da ta hana ƙerawa da shigowa da sayar da leda maras kauri, ga shi kuwa har yau a cikinta ake ƙulla mana gishiri da ƙanƙara. Ashe ba dokoki muka rasa ba.

Amma daga ina kuɗin tallafi suke fitowa? Daga harajin da aka karɓa a hannun mai tebur a kasuwa, da kuɗin fiton da aka biya a kan iyakar Ɗan Isa, da arzikin ƙasa, da bashin da jikokinmu za su biya. Maraya yana da haƙƙi a ciki, bazawara tana da haƙƙi, wanda yake kwance a likita yana da haƙƙi. Wanda ya saci kuɗin mutum ɗaya, abokin shari'arsa ɗaya ne ranar alƙiyama, yana iya nemansa tun a duniya ya roƙi yafiya. Wanda ya ci kuɗin kwashe sharar gari fa, ƙofa nawa zai buga? Mun san labarin wanda aka kashe a lokacin yaƙin Haibara, mutane suna yi masa murnar shahada, Manzon Allah ya sanar da su cewa mayafi ɗaya da ya ɗauke daga ganima kafin rabo ya zame masa wuta. Mun san kuma yadda ya hau mumbari ya tsawatar saboda ma'aikacin zakka da ya ware wani abu ya ce kyauta ce aka yi masa. Mayafi ɗaya ke nan. Ina ga wanda ya rubuta tifa goma alhali uku suka yi aiki, ko ya sa sunayen ma'aikatan da ba su taɓa riƙe shebur ba, ko ya kwashe juji daga bakin titi inda manya suke wucewa, ya juye shi a bakin fadama inda talakawa suke ɗiban ruwa?

Ko da an kashe kowace dala a inda ta dace, tallafi shi kaɗai ba ya tsabtace gari. Katafila tana kwashe tudun shara a yini ɗaya, mu kuma mu mayar da shi cikin wata uku. Sai a sake neman wani tallafin, kuɗin da za su iya sayen magani ko gina aji. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya mayar da shara a wurin da aka kashe dukiyar al'umma aka share, shi ma ya ci wannan dukiya, ko da ko dala ba ta shiga hannunsa ba.

Akwai hanzari ɗaya mai ƙarfi, kuma adalci ne a saurare shi: “To ina za mu zuba?” Gaskiya ne, ba a ɗora wa mutum abin da ba zai iya ba, kuma matar da ba a nuna mata wuri ba, ba za ta ajiye shara a ɗakinta ba. Amma wannan hanzari aiki yake ɗora mana. Shi ne ya wajabta mana mu je, da liman da mai unguwa da dattawa, mu nemi hukumar gari ta ware wurin zubarwa nesa da rijiyoyi da tafki da hanyar ruwa. Mu nemi a sa kuɗin tallafi a abin da zai ɗore: amalanke, da kayan aiki, da haƙƙin masu kwasa a kan lokaci, ba bikin yini ɗaya na ɗaukar hoto ba. Mu nemi a bayyana nawa aka samu, wa aka ba aikin, me aka yi, a liƙa a inda kowa zai gani. Tambayar nan ba fitina ba ce, ba kuma zargi ba ce. Nasiha ce ga shugabanni, kuma kariya ce ga mai gaskiya a cikinsu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ga masu cewa mumbari ya fi ƙarfin maganar shara, muna tambayarsu: da wane babi littattafan fiƙihunmu suke soma hukunce-hukuncen ibada, in ba da tsarki da ruwa ba? Addinin da ya koya mana ƙafar da za mu shiga makewayi da ita bai bar mu mu yi yadda muka ga dama da hanyar Musulmi ba.

Don haka kowane magidanci ya tambayi iyalinsa yau, ba gobe ba, inda ake kai sharar gidansa, domin shi za a tambaya, ba yaron da aka aika ba. A ware toka da kashin dabbobi a mayar gona kamar yadda aka gada. A rage karɓar leda, a tafi kasuwa da kwando ko jaka. Kowane masallaci ya ɗauki nauyin layin da yake ciki, matasa su yi gayya kafin ruwan farko ya sauka. Wanda kuma Allah Ya jarrabe shi da riƙon kuɗin jama'a, ya tuna cewa akwai wani lissafi bayan na masu bincike.

Allah Ya tsarkake zukatanmu da garuruwanmu, Ya kare mu daga annoba, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya ba mu ikon taimaka musu a kan gaskiya. A isar da wannan saƙo ga wanda bai gani ba, a karanta wa wanda ba ya karatu.

Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.